Yadda Ake Zana Haruffan Raha da Hannu Har Su Shiga Kwamfuta

Kusan duk matashin da ya fara aikin zane a kwamfuta, wata rana sai sha'awar ƙirƙirar haruffansa na kansa ta kama shi. Ya gaji da zubin haruffan da kowa ke ɗauka a CorelDRAW, yana son irin rubutun nan mai fara'a, mai ɗan rangaji, wanda ake gani a kwalin alewa, ko bangon littafin yara, ko allon mai sayar da fura da yogot. Sai ya ɗauki biro ya jera A zuwa Z a takarda, ya ɗauki hotonta da waya, ya bar manhaja ta bi layukan da kanta, kafin la'asar ya ce ya gama fon, wato zubin haruffan da kwamfuta za ta yi rubutu da shi. Da an rubuta jimla ɗaya da shi kuwa sai asiri ya tonu. Wani harafin ya yi ƙiba, wani ya rame, kalma ɗaya ta rabu biyu saboda giɓi, sannan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Kurakuran nan ba sa canzawa daga wannan ɗalibi zuwa wancan, shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar gaba ɗaya.

Tushen matsalar shi ne mai koyo yana zaton raha da hargitsi abu ɗaya ne. Haruffan raha kamar 'yan rawa suke a dandali, kowa da yadda yake karya jikinsa, amma kiɗa ɗaya suke bi. Aikinka shi ne ka fara kafa kiɗan.

A kuma sani tun yanzu cewa wannan zubi na kanu ne, wato take, sunan kaya, allon shago, kalma biyu zuwa shida da ake son ido ya faɗa musu daga nesa. Ba a rubuta shafi guda da shi. Kuma sana'ar ba ta yau ba ce. Oswald Cooper, mai zanen haruffan talla a birnin Shikago na Amurka, ya fitar da Cooper Black a 1922, haruffa masu ƙiba da taushin gefe, har yau su ne a jikin jiragen easyJet. Vincent Connare ya zana Comic Sans a kamfanin Microsoft a 1994, bayan ya ga wani karen zane a cikin manhaja yana magana da haruffan Times New Roman masu ɗaure fuska. A nan gida ma muna da malamai, su ne masu fentin allon shaguna da jikin manyan motoci. Ka tsaya ka kalli yadda suke matse doguwar kalma ta shiga faɗin allo ba tare da ta daina karantuwa ba. Darasin da ke nan ya fi na bidiyo da yawa.

Kayan aiki

Ba sa da tsada. Farar takarda mai kauri wadda tawada ba ta ratsawa, takardar kwafi mai shara-shara, fensir, kilina, rula, da baƙar maka iri biyu, mai kaurin baki da mai siririn baki. In kana son gefen haruffa ya nuna sawun gashi, sai ka ƙara buroshi da baƙar tawada. Sai sikana, ko waya mai kyamara mai kyau in babu. A kwamfuta kana buƙatar manhajar zanen layi, Inkscape kyauta ce, CorelDRAW da Illustrator ma sun isa, da kuma manhajar haɗa fon. FontForge kyauta ce kuma tana aiki a Windows. Glyphs ta fi daɗin hannu, amma ta kuɗi ce kuma sai a kwamfutar Mac. Abu na ƙarshe shi ne firinta, domin allon kwamfuta yana ɓoye aibi.

1. Yanke shawarar aikin da haruffan za su yi

Rubuta shi a jimla ɗaya a saman takardarka: “na kwalin kayan ƙwalama na yara,” ko “na fostar wasan barkwanci.” Wannan jimla ce za ta raba maka gardama duk lokacin da ka rasa ko ka ƙara wa harafi ado ko ka rage. Haruffan da za a yanka a sitika a manna a gilashi suna buƙatar kauri, waɗanda za su zauna a allon waya kuwa suna buƙatar buɗaɗɗen ciki.

2. Ja layuka huɗu kafin ka zana komai

Masu koyo suna tsallake wannan mataki, wai ai rubutun wasa ne. Ja layin zama, inda haruffa ke dafa ƙafa. Ja layin kafaɗa, inda ƙananan baƙaƙe irin su a, n, o suke tsayawa. Ja layin kai, iyakar manyan baƙaƙe da dogayen sanduna irin na b, d, k, l. Sai layin jela a ƙasa, inda g, j, y ke saukar da wutsiya. Ka yi zanen da girma, babban baƙi ya kai kamar santimita 7, domin rawar hannu tana ɓacewa in an rage girma, amma tana ninkuwa in an ƙara.

A manhajar fon ana raba tsayin filin harafi gida 1000, wasu kuma 2048. In ka ɗauki 1000, to layin kai ya tsaya wajen 700, na kafaɗa wajen 520, jela ta sauka kamar 200 ƙasa da layin zama. Haruffan raha sun fi kyau da kafaɗa mai tsayi, don tana ba su fuskar yarinta. Amma kada ka ɗaga ta har ta kusa kai, saboda kana buƙatar sarari a sama don ƙugiyoyin Hausa, kuma in kafaɗa ta yi tsayi da yawa h da n za su fara kama da juna.

3. Fara da haruffa kaɗan, ka zaɓi irin wasan da za ka yi

Kada ka fara daga A ka bi jeri. Fara da n da o, sai a da k, sai manyan H da O. A cikin n akwai sanda da kafaɗar da za ta haifi m, h, u, r. A cikin o akwai da'irar da za ta haifi b, d, c, e, g. Harafin a kuwa shi ne ya fi kowanne yawa a rubutun Hausa, don haka in ya yi muni, kowane layi zai yi muni. Ka ba shi lokaci fiye da sauran. Da ƙananan nan huɗu kaɗai za ka iya rubuta “kano,” “nono,” “kaka,” “kankana,” ka ga yadda suke zama da juna. Harafi a kaɗaice ba ya faɗin gaskiyarsa, sai a cikin kalma.

Yanzu sai maganar wasa. Hanyoyinsa suna da yawa: haruffa su riƙa tsalle sama da ƙasa da layin zama, ko su ɗan karkata hagu da dama, ko wani ya yi faɗi wani ya matse, ko sanda ta kumbura a ƙasa ta sirance a sama, ko gefe ya yi kaushi. Zaɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Sauran kuma ka ɗaure su tamau. In haruffanka za su yi tsalle, to kaurin layinsu ya zama ɗaya. In faɗinsu zai bambanta, to su zauna daram a layi. Wanda ya saki duka biyar a lokaci guda, abin da zai samu ya fi kama da rubutun mai zazzaɓi. Tsallen ma yana da iyaka, gida 20 zuwa 30 cikin 1000 ya isa ido ya ji motsi.

Abin da ba a wasa da shi ko kaɗan shi ne nauyi. Ka kafe takardar a bango, ka ja baya, ka ƙanƙance ido har haruffan su dushe. In wani wuri ya fi sauran duhu, nan ne layi ya yi kauri ko cikin harafi ya matse. Wuraren da layuka biyu ke haɗuwa, kamar tsakiyar k da kusurwoyin w, kullum suna tara duhu, sai an ɗan rage musu nama.

Akwai yaudarar ido biyu da ya kamata ka sani. Haruffa masu da'ira, o, c, e, s, in sun tsaya daidai a kan layi sai a ga kamar sun fi n ƙanƙanta, don haka ana barinsu su ɗan zarce sama da ƙasa da gida 10 zuwa 15. Sannan layin kwance, kamar tsakiyar H ko e, in kaurinsa ya yi daidai da na tsaye, ido zai ga ya fi shi kauri, sai a ɗan rage shi.

In waɗannan sun zauna, ɗora takardar kwafi a kansu ka fitar da sauran. Amma kada ka juya b a kwamfuta ka ce ka samu d. Ido yana gane harafin da aka kifa, kuma nan take sawun hannu ya mutu. Ka zana p, q, v, x ma, ko da Hausa ba ta cika buƙatarsu ba, saboda sunayen kaya da na mutane. Haka lambobi 0 zuwa 9, aya, waƙafi, alamar tambaya, alamar motsin rai, baka biyu, da alamar naira, domin rabin aikin haruffan talla rubuta farashi ne.

4. Baƙaƙe masu ƙugiya

Nan ne akasarin zubin haruffan raha da ake saukewa daga intanet suke kasa mu, kuma nan ne naka zai fi nasu amfani. In fon ba shi da ƙ, manhaja za ta aro shi daga wani zubin dabam, sai ka ga siririn harafi ya tsaya a tsakiyar kalma mai ƙiba, ko kuma ta sa akwatin banza. Mai shagon buga takardu kuma sai ya ga mafita ita ce ya rubuta k kawai, a wayi gari “baƙi” ya koma “baki” a allon da aka biya kuɗi mai yawa.

Ka zana su tare da 'yan uwansu tun a takarda, ba bayan an gama ba. Su takwas ne: Ɓ ɓ, Ɗ ɗ, Ƙ ƙ, Ƴ ƴ. A Nijeriya ana rubuta 'y, a Nijar kuma ƴ, don haka ka tanadi duka biyun. A ƙananan ɓ, ɗ, ƙ, sandar tana lanƙwasawa zuwa dama a sama. A manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyar tana fitowa ta hagu. A babban Ƙ kuwa hannun sama na dama ne yake lanƙwasa.

Kuskure na farko shi ne a yanko ƙaramar ƙugiya a liƙa a kan b. Ƙugiya ci gaban sandar ce, da alƙalami ɗaya aka ja su, kaurinsu ɗaya, kuma ƙarshenta ya yi kama da ƙarshen f da r na zubinka. Kuskure na biyu shi ne jin kunyarta, a yi ta 'yar mitsitsiya. A allon da za a karanta daga ƙetaren titi, ƙaramar ƙugiya ɓacewa take yi. Gara ta fito sosai, kuma a zubin raha ita ce ma wurin da ya fi karɓar ado.

Ɗ ƙarami ya fi sauran rigima, saboda sandarsa tana dama, ƙugiyar kuma tana leƙawa cikin filin harafin da ke biye. Gwada “kuɗi,” “daɗi,” “faɗi,” za ka ga tana neman karo da ɗigon i. Gwada “haɗaɗɗe,” “ƙaƙƙarfa,” “ɓaɓɓake,” ka ga yadda biyu suke zama a jere. In sun yi karo, ka ɗaga ƙugiyar sama kaɗan ko ka gajarta ta, kada ka tura harafin gaba nesa har kalma ta tsage.

Lokacin shigar da su manhaja, kowanne ya shiga gidansa na Unicode: Ɓ a 0181, ɓ a 0253, Ɗ a 018A, ɗ a 0257, Ƙ a 0198, ƙ a 0199, Ƴ a 01B3, ƴ a 01B4, alamar naira a 20A6. Wasu suna dabarar ajiye ƙ a gidan q don sauƙin bugawa. Kada ka yi. Ranar da aka canza fon ko aka kwafi rubutun zuwa WhatsApp, q ne zai fito.

5. Tawada da ɗaukar hoto

Bi fensirin da maka, gefe tukuna da siririya, sannan ka cike ciki da mai kauri. Bari ta bushe sarai kafin ka goge fensir, in ba haka ba kilina za ta ja baƙi. Yi sikanin a kan ɗigo 600 a kowane inci. In waya ce, shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, ka riƙe wayar daidai samanta. Ɗan karkacewar hannu kaɗan zai sa haruffan sama su fi na ƙasa ƙanƙanta. Kada ka goge layukan nan huɗu gaba ɗaya, ka bar alamarsu a gefen takarda don su yi maka jagora a kwamfuta.

6. Mayar da zane layin kwamfuta

Kowace manhaja tana da maɓallin bin layi da kanta, kuma shi ne tarkon da ya fi kama masu gaggawa. Yana zuba gaɓoɓi, wato ɗigogin da ke riƙe da layin zane, har ɗari a harafin da goma sha biyu za su ishe shi, yana kuma kwafe duk wani tabo na takarda. Fayil ya yi nauyi, gyara ya gagara, kuma in aka kai wa injin yankan sitika, wuƙarsa za ta riƙa tsayawa a kowace gaɓa har gefen ya fito da haƙora.

In kaushin buroshi kake so da gangan, to ka bar manhajar ta bi, sannan ka zauna ka share. In kuwa santsi kake so, bi da hannunka. Sa gaɓa a ƙarshen kowace lanƙwasa, wato can sama, can ƙasa, can hagu, can dama, hannayen gaɓar kuma su miƙe a tsaye ko a kwance. Da'irar o ta waje gaɓa huɗu take buƙata, ta ciki ma huɗu. Sai dai a nan akwai wani haɗarin ta ɗaya gefen, shi ne gyaran da ya wuce kima. In ka miƙar da kowace sanda da rula, ka mayar da kowace da'ira cikakkiya, ka kashe abin da ya sa ka ɗauki alƙalami tun farko. Gyara abin da hannu ya yi bisa kuskure, ka bar abin da ya yi da niyya.

7. Tazara

Ni a ganina zubi mai matsakaicin zane da tazara mai kyau ya fi kyakkyawan zane mai tazarar banza, nesa ba kusa ba. Kowane harafi yana da ɗan fili a hagunsa da damansa, kuma ba a auna shi da rula daga gefe zuwa gefe. Abin da ake daidaitawa shi ne yawan farin da ido ke gani tsakanin haruffa.

Rubuta nnnn, ka gyara har farin da ke tsakanin n biyu ya kusa daidai da farin da ke cikin n ɗin. Sai oooo, wanda filinsa zai fi na n ƙanƙanta, domin da'ira tana barin fari a kusurwoyinta. Sai nonono, har ka ga ba inda ya matse ba inda ya buɗe. Daga nan kowane harafi ya shiga tsakaninsu, nan, nbn, oao, obo, har ƙarshe. Gefe mai sanda ya ɗauki awon n, gefe mai da'ira ya ɗauki awon o. Manyan baƙaƙe ma haka, da H da O. Haruffa masu ƙiba suna son matsuwa, sirara suna son iska.

Sai an gama wannan ake taɓa gyaran tazarar haruffa bibbiyu, irin su Ta, Ya, Wa, da r in waƙafi ya biyo ta. Wanda ya fara da wannan gyara kafin ya daidaita filin kowane harafi zai yi ɗaruruwan faci, kuma duk ranar da ya canza harafi ɗaya sai ya sake su duka. Wata dabara: juya takardar gwajin ƙasa ta koma sama. In ka daina karanta kalmar, za ka fara ganin giɓin.

8. Tagwayen baƙaƙe

Hausa cike take da baƙi mai ninki: sannu, babba, tattasai, gaggawa, shakka. Hannun mutum ba ya rubuta n biyu iri ɗaya sak, to da zarar mai karatu ya ga tagwaye masu kama ɗaya har da tabonsu, ya san inji ne. Maganinsa shi ne ka zana wa haruffan da suka fi yawa siffa ta biyu, musamman a, n, k, b, t, s, m, r, da i. Bambancin ya zama kaɗan, ɗan karkata ko ɗan tsayi. A fayil ɗin OpenType akwai sashen da ake kira calt, inda layi ɗaya kamar sub n n' by n.alt, yake umartar manhaja ta sauya n na biyu da ɗan uwansa. Ka gwada a manhajar da abokin cinikinka yake amfani da ita, don ba kowacce ce take kunna wannan da kanta ba.

9. Gwaji a kan abin da za a buga

Fitar da fayil ɗin OTF ko TTF, ka girka, ka rubuta ainihin kalmomin da za a yi aiki da su, sunan shago, farashi, lambar waya ta gwaji. Buga shi ƙarami da babba. Tawada tana bazuwa a kan yadi da leda, sai cikin a da e ya toshe, don haka in na riga ne ko jakar rabon biki, ka buɗe cikinsu. Farin rubutu a kan baƙi yana ƙara kauri a ido. Sirarin layi a sitika shi ne yake fara ɓallewa in rana ta dake shi. Ka ba yaro ɗan aji uku ya karanta, in ya tsaya a wani harafi, koma kansa.

10. Inda ya dace, da yadda ake miƙa shi

Ya dace da kwalin cincin da alewa, robar zoɓo da kunun aya, bangon littafin tatsuniya, allon makarantar rainon yara, fostar fim ɗin barkwanci, katin bikin suna, rigar 'yan ajin ƙarshe. Bai dace da sanarwar rasuwa ba, ko takardar asibiti, ko umarnin shan magani, ko takardar shaida. Comic Sans bai yi baƙin jini don muninsa kaɗai ba, sai don an kai shi inda ba a gayyace shi ba. A 2012, da masana a cibiyar CERN suka yi amfani da shi wajen gabatar da sakamakon binciken ƙwayar Higgs, surutun da aka yi a kan haruffan ba kaɗan ba ne.

A shafi ɗaya, zubin raha ɗaya ya isa. Sauran bayani, adireshi da sinadaran da ke cikin kaya, a ba wa zubi mai natsuwa wanda shi ma yake da ƙugiyoyin Hausa, irin su Noto Sans ko Andika. Kada ka ja haruffan ta gefe don su cika fili, yin haka yana lalata kaurin da ka sha wahalar daidaitawa. Kada kuma ka tara musu inuwa da ƙyalli da launi bakwai.

Ba wa zubinka sunan da ba na wani zubin ba, kuma kada ka buɗe fon ɗin wani ka ɗan taɓa shi ka sa sunanka, sai in lasisinsa ya yarda. In kyauta za ka bayar, lasisin SIL Open Font License shi ne wanda akasarin zubin da ke Google Fonts suke ƙarƙashinsa. In sayarwa za ka yi, rubuta a takarda ko kuɗin na aiki ɗaya ne ko na mallaka. Lokacin kai aiki maɗaba'a kuwa, ka ajiye kwafi ɗaya da rubutun ke gyaruwa, sannan a kwafin da za ka miƙa ka mayar da haruffan zanen layi, a CorelDRAW Ctrl da Q ne, domin kwamfutar mai bugawa ba ta da zubinka, kuma za ta musanya shi da wani ba tare da ta tambayi kowa ba.